Askar da Na Goge a Fuskar Malam Gambo

Na goge wa mamaci askarsa. Hoto ɗaya gare shi a duniya, aka kawo mini in gyara, na share zanen fuskarsa da hannuna. Da matarsa ta duba, ta ce ba ta san mutumin ba. Wannan ya faru a shekara ta biyu bayan soja sun miƙa mulki, a wani shago kusa da Ƙofar Durbi. Hotunan nan da kuke ta tambayata, waɗanda aka rataye a Legas aka kuma sa a intanet, daga wannan ɓarnar suka fito. Kun ce aikin kwamfuta danne-danne ne kawai. To ku ji.

Sunana Ilu. Ban yi boko ba. Karatun Hausa a ajin manya na tsince shi, Turanci kuwa har yau kallonsa nake yi. Fenti na koya, a tashar manyan motoci, wajen wani mutum da muke kira Oga Shehu. Kayan aikinmu ba su da yawa: burushi, gwangwanayen madara na haɗa launi, kananzir na wanki, alli da zare na fitar da layi, sai tsani. Ƙananan burushi da kanmu muke ɗaure su da gashin jelar saniya.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai zaki ne a bayan wata motar ɗaukar hatsi. Kwana biyu na yi a kan tsani, gashin wuyan nan ɗaya bayan ɗaya na ja shi. Da na gama na kira shi. Bai ko dubi motar ba, ya ce, "Aje burushi. Tsallaka titi." Na tsallaka, na juyo. Tunkiya na gani, mai haƙora. Ya ce, "Wanda zai kalli abin ga direba ne da ke biye da motar. Ba hanci zai manna mata ba." Daga ranar, duk layi goma sai na sauko na tsallaka. Shekara goma sha tara ina haka.

Shekarar da siyasa ta dawo ita ce shekarar da ta karya mu. Mun ɗauka kakarmu ta yanke saƙa, muka sayi fenti muka tara, muna jiran a zo a ce mu zana alamar jam'iyya a bango. Ba wanda ya zo. Sai fastoci suka riƙa shigowa daga Kano da Kaduna ɗauri-ɗauri, an buga da inji, fuskar ɗan takara sumul kamar ba ta taɓa ganin rana ba. Har a kan allunan da na zana aka manna su. Masu shaguna suka gani, su ma suka koma can. Fentina ya daskare a gwangwani. Na sayar da tsani. Na koma dako a kasuwar hatsi, ina da shekara arba'in da iyali.

A can Madam Rifkatu ta gan ni da buhu a ka. 'Yar kudancin Kaduna ce, mijinta ma'aikacin gwamnati, tana da shagon buga takardu da kwamfuta biyu. Ni na zana mata allon shagon tun farko.

Ta ce, "Malam Ilu, hannun nan ne kake ɗaukar masara da shi?"

Na ce, "Shi ke gare ni, Madam."

Ta ce, "Ina da masu buga rubutu, suna da sauri, amma ba su da ido. In sun sa ja kusa da kore sai kaina ya yi ciwo. Zo gobe."

Na ce ban iya Turanci ba. Ta ce, "Injin ma ba ya jin Hausa, kun yi daidai."

Mako uku na yi kafin in zana da'ira da mawus, linzamin kwamfuta. Burushi yana bin hannu, shi kuwa wannan abin hannunka na kan tebur, layin na fita a gilashin kwamfutar. Na haddace maɓallai da wurin zamansu da kamanninsu: na uku daga sama almakashi ne, mai kama da bokiti na zuba launi, mai kama da ƙaramin faifai na ajiya. In aka ɗauke wuta kafin ka danna na ajiyar nan, aikin yini ya tafi. Don haka yatsana ya saba, kowane ɗan lokaci sai na danna shi. Madam tana da doka ɗaya: duk hoton da aka ɗauka da sikana, wato injin da ke kwafe hoto ya shigar da shi kwamfuta, a fara ajiye na asali gefe, a yi aiki a kan na biyu. Yin haka sai an bi ta wasu rubuce-rubucen Turanci. Ina ƙyuyar su. Sau da yawa nakan tsallake, kuma ba abin da ya taɓa faruwa.

Gyaran tsofaffin hotuna ya zama nawa. Wanda gara ta ci, wanda ruwa ya taɓa, wanda aka naɗe a aljihu har ya karye. Akwai wani abu a kwamfutar mai kama da hatimi, ka ɗebo fata mai kyau daga gefe ka rufe tabo da ita. Na ƙware a kansa har aka fara zuwa daga unguwanni ana tambayar mai fentin nan na shagon Madam.

Wata Laraba da damina, wani malamin firamare daga Batagarawa, Malam Hamisu, ya shigo da hoto a cikin ambulan. Bai fi faɗin yatsa uku ba. Mahaifinsa ne, Malam Gambo, manomi, ya rasu shekara ashirin da suka wuce. An ɗauki hoton ne don wani kati na sayar da auduga, kuma ban da shi babu wani. Duk ya tsattsage, fari-fari kamar an ja ƙaya a kai.

Ya ce, "Don Inna nake so. Idonta na hagu ya tafi, na dama likita ya ce yana bin sa. Ƙaramin nan ba ta ganinsa kuma. In an yi shi babba, ko sau ɗaya ta gan shi kafin ya rufe."

Na ɗauke shi da sikana, na mayar masa da abinsa, ya sa a aljihun gaba ya hau babur.

Na kusanto da hoton har ƙwayar ido ɗaya ta cika gilashin. A wannan kusancin ba fuska kake gani ba, tabo ne da layi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da hatimin nan. Goshi, hanci, kunci, gefen baki. Duk layin da na gani na rufe. Kwana huɗu. Ina yi ina danna ajiya. Ban tashi daga kujera na ja baya ba ko sau ɗaya, don bayana bango ne, kuma a raina gilashi ba mota ba ce. Madam ta aika Kano aka wanko shi babba, aka sa a firam. Malam Hamisu ya gani ya ce, "Kai! Baba ya koma saurayi." Na ji daɗi har na ce zan raka shi in ga yadda za a karɓa.

Mun same ta da hantsi a tsakar gida, a kan tabarma, tana tsince wake da lalube. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi ruwa a birni. Ɗanta ya ɗora mata firam ɗin a cinya. Ta juya shi wajen rana, ta kawo idon dama kusa. Ta daɗe. Sai ta sa yatsa a kuncin hagu tana shafawa.

Ta ce, "Wane ne wanga?"

Ya ce, "Inna, Baba ne."

Ta ce, "A'a. Hular tashi ce. Rigar ma na san ta, ni na wanke ta ranar. Amma wanga baƙo ne. Ina billen? Ina 'yan bakan?"

Bille shi ne layin da wanzami ke ja daga gefen hanci ya gangaro kan kunci. 'Yan baka su ne ƙananan da ke gefen baki. Ni Bakatsine ne, na girma cikin fuskoki masu aska, tawa uwar tana da su. Amma na share na mutumin nan tare da tsagar takarda, don na manna hanci.

Na ce wa Malam Hamisu ya kawo ƙaramin a sake. Ya sunkuyar da kai. Ranar da ya bar shagonmu ruwa ya kama shi a hanya, kafin ya isa gida hoton ya zama kunu a aljihunsa. Bai faɗa wa kowa ba, don yana ganin ai yana cikin kwamfuta.

Madam ta bincika kwamfutar ciki da bai. Babu na asali. Na danne shi da gyarana tun ranar farko.

Ta ce, "Malam Ilu, sau nawa na faɗa maka?"

Na ce, "Da yawa."

"To?"

"Ban yi ba."

Na tashi zan ɗauki hulata. Ta ce, "Ina za ka? Ka ɓata fuskar mutum ka koma ɗaukar masara? Zauna. Injin ba zai dawo da shi ba. Nemo wanda ya san fuskar."

Malam Hamisu ba shi da aska, a zamaninsa an fara bari. Ya ce yana jin uku-uku ne, billen kuma ya manta ko dama ko hagu. Na zana yadda ya ce. Wannan karon na fita ƙofar shago na leƙo. Layukan sun miƙe kamar an ja da rula. Ba fuskar kowa ba ce. Na koma wajen Inna na tambaye ta guda nawa ne. Ta ce, "Ɗan nan, wace mace ke zama ta ƙirga fuskar mijinta? In na gani na sani. Je ka wajen Sale wanzami, in yana da sauran hankali."

Yana da shi. Na same shi ranar Juma'a a gindin wata bishiya kusa da masallaci, tsoho tukuf, zabirarsa a gefe, yana wasa aska a tafin hannu. Labari ya riga ni isa.

Ya ce, "Kai ne mai injin da ke yi wa matattu gyaran fuska?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Ubana ya sa, mutum ya ɗauke ta shekara sittin, ya shiga kabari da ita, kai ka cire a kwana huɗu. Lalle kun fi mu aiki."

Mutanen wurin suka yi dariya. Na bari suka gama. Na ce, "Baba, idon matar ke rufewa."

Ya daina wasa askar. Ya ce mahaifinsa ne ya yi wa Gambo aska yana ɗan kwana bakwai, shi kuma ya yi masa aski da gyaran gemu duk Juma'a har ya rasu. "Dama uku. Hagu uku, amma ta tsakiya ta karkace, don jaririn ya yi atishawa aska na kan fata. Ubana har ya mutu shina jin haushin layin nan. Bille a hagu, mai zurfi daga sama, wutsiyar siririya."

Na miƙa masa takarda da biro ya zana mini. Ya juya biron ya mayar mini. Ya ce, "Mi zan yi da wanga? Ku ba ni sakaina." Aka samo fasasshiyar ƙwarya a wani gida. Ya ɗora ta a gwiwa, ya shafa ta da babban yatsa kamar yana neman ƙashin kunci, ya ɗaga kai sama bai ko kallo. Sau bakwai askar ta sauka. Ya busa garin ya ba ni.

A nan na ga abin da rula ba ta sani ba. Kowane layi yana da inda aska ta shiga da inda ta fita. Ba biyu da suka yi tsawo ɗaya.

Na kifa sakainar a kan sikana, na rufe da baƙin ƙyalle. Na ajiye na asali gefe, Madam na tsaye a kaina. Sannan na ɗauki layukan ɗaya-ɗaya na ɗora a fuskar. Ɗorawa ba ita ce aikin ba. Askar jariri tana girma tare da shi, tana buɗewa, tana bin lanƙwasar kunci, gefenta na sama yana kama haske, na ƙasa yana riƙe inuwa. Wannan fenti ne, ba inji ba. Na juya teburina ya fuskanci ƙofa. Duk layi ɗaya sai in tashi, in fita, in tsallaka titi zuwa bencin mai shayi, in duba gilashin daga can. Mai shayin ya tambayi Madam ko lafiyata ƙalau. Kwana tara na yi. Sau biyu na kai wa Baba Sale gwaji a ƙaramar takarda. Na farko ya ce billen ya yi tsawo, "ka mai da shi ɗan wani gida." Na biyu ya duba, ya miƙo mini goro.

Muka koma Batagarawa. Inna tana wuri ɗaya, amma wannan karon sai da aka juya ta wajen hasken. Ta kawo firam ɗin har yana taɓa goshinta. Yatsanta ya bi billen, ya sauka gefen baki, ya tsaya a kan layin da ya karkace. Ta jawo mayafinta da ya zame ta rufe kanta da kyau, ta gyara zama. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa jikokinta, "Ku taho ku gaida kakanku."

Kafin wata damina idon ya rufe.

Bayan nan na riƙa zuwa wajen Baba Sale duk Juma'a da sakaina a jaka. Yana yanka mini askar gidaje daban-daban, yana faɗin ta su wane ce, yana zagin waɗanda suka bari da waɗanda suka yi ta ba kyau. Ni kuma in ba aiki a shago sai in gina fuska a kwamfuta, fuskar da ba ta kowa ba, in ɗora mata askar gaskiya. Ba wanda ya sa ni. Na ga dai masu ita suna ƙarewa.

Ƙanwar Madam ta zo hutun Kirsimeti ta gan su. Tana aiki a wani gida a Legas da ake rataye hotuna mutane su shigo su kalla. Na tambaye ta tallar me ake yi da su. Ta ce ba tallar komai. Ban gane ba a lokacin, amma na yarda. Wanda ta fi so shi ne na Malam Gambo. Na ce ba nawa ba ne, sai an tambaya. Malam Hamisu ya kai saƙon. Inna ta ce, "Malam bai taɓa wuce Funtuwa ba da ransa. Ba zai fara yawon duniya yanzu ba." Shi ke nan. Sha biyu suka tafi, kowanne da sakainarsa a rataye a gefe, da sunan Baba Sale kusa da nawa, don na ce in ba haka ba a bar su. Wanda ya fi su duka yana bangon wani ɗaki a Batagarawa.

Ban je Legas ba. A wani shagon intanet na gan su, Madam ta kai ni. A lokacin hoto daga sama yake sauka a hankali: hula tukuna, sai goshi, ka jira, sai ido. Da askar ta fara fitowa na tashi na ja baya har na taka ƙafar wani. Daga baya wani mutum ya rubuto daga wata ƙasa, Madam ta karanta mini, ya ce irin askar hoto na bakwai ce a fuskar kakarsa, bai taɓa sanin daga ina ta fito ba. Na kai wa Baba Sale maganar. Ya faɗi sunan garin ba tare da ya ɗaga kai ba, aka rubuta masa.

Yanzu wayoyinku suna gyara hoto da kansu. Kuna kawo mini na kakanninku da kuka wanke da su, fuska sumul, kuna cewa ya fito. Nakan tambaya: kun nuna wa wanda ya san shi? Injin bai san bambancin tsagar takarda da tsagar wanzami ba. Ni ma da na san bambancin, na goge.

Baba Sale ya rasu. Madam ta koma gida da mijinta ya yi ritaya, ta bar mini tsohuwar sikanar. Ina nan Ƙofar Durbi, ƙaramin shago, tabarau a ido, kwamfuta ɗaya tana fuskantar ƙofa. Sakainar Malam Gambo tana rataye a ƙusa sama da ita. In kun zo kun tarar da kujera ba kowa, ban tafi ko'ina ba. Ku duba tsallaken titi.